Yaya Vida Mai Karayar Ƙarya

Shekara talatin da uku Yaya Vida ta yi tana dafa wa 'yan firamaren ƙauyenmu abinci, kuma in ka tattara duk maganar da ta yi a waɗannan shekaru, ba na jin za ta cika littafin rubutu guda. "Miƙo kwano." "Cinye kabejin nan." "Je ka wanke hannu." Kusan iyakacinta ke nan. Duk magidancin da bai kai hamsin ba a Malo Brdo da ludayinta ya girma, kuma har yau in suka haɗu da ita a hanya sai ka ga sun zare hannu daga aljihu.

Ni ƙanenta ne, Miran, shekara tara ta ba ni. Ina rarrafe mahaifiyarmu ta kama aiki a masaƙar da ke cikin gari, ta fita da sassafe ta dawo a gajiye, saboda haka Vida ce ta raine ni. Ita ke tatsar saniya, ita ke ɗora tukunya, ita ke cuɗa ni da ruwan sanyi ina tsala ihu. Sa'o'inta suna bayan coci suna girkin ƙasa a gwangwani, ita kuwa nata girkin na gaske ne, in ya ƙone kowa ya kwana da yunwa. Ban taɓa ganin ta da 'yar tsana ba.

Da ta girma ta auri Rudi, direban bas, wanda in dai shiru ne ya fi ta. Mutane kan ce a gidansu agogon bango ne kaɗai mai surutu. Suka haifi biyu, suka girma suka bar gida. Rudi ya yi ritaya ya koma kiwon zuma a bayan gida. Ita ma da ta cika sittin aka yi mata walimar ban kwana a makaranta, aka ba ta furanni da sabuwar tukunya, sai ka ce wadda ba ta gaji da tukunya ba. Kowa ya ɗauka shi ke nan, abin da ya rage mata lambu ne da coci.

Mu ma, kamar kowane ƙauye a Slovenia, muna da 'yan kwana-kwanarmu na sa kai. Mota ɗaya ce ja, ta girmi wasu daga cikinmu, sai mutum goma sha huɗu: manoma, makanike, mahauci, da malamin lissafi. A lokacin ni ne kwamanda. Sau biyu a shekara muke atisaye, kuma wanda muke ceto kullum shi ne Ferdo, wato buhuna uku da aka ɗura wa dusar katako aka ɗinke, aka sa musu tsohon wando da riga. Mun ciro Ferdo daga rijiya, mun sauko da shi daga rufin coci, mun zaro shi daga ƙarƙashin tarakta. Sau biyu kansa yana cirewa a hannunmu, bai taɓa cewa uffan ba.

Wata Asabar ta watan Oktoba, a shekarar da Yaya ta bar aiki, muna da atisaye a rumbun ciyawar da ke bayan ofishinmu. Sufeto Pirnat zai zo daga gunduma ya duba mu. Saura rabin awa ya iso na aiki Lado mahauci ya ɗauko Ferdo daga saman silin. Sai ga shi ya sauko da wando kawai a hannu, dusa tana zuba.

"Kwamanda, Ferdo fa ya rasu."

"Wane irin ya rasu?"

"Ɓeraye sun tare a cikinsa. Har sun haihu."

Na dubi mutanena. Kowa ya goge hular kwanonsa tana ƙyalli, babu mai son ya cire kaki ya kwanta a ciyawa. Muna ta kai ne, a'a kai ne, sai muka ji murya daga gindin tukunyar gulash, inda Yaya take juya abincin da za mu ci bayan an gama.

"Ni zan kwanta."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ajiye muciya, ta goge hannu, ta ce in ba ta takardar da muke rubuta bayanin wanda za a ceta. Abin da ke jiki bai fi layi biyu ba: mace, shekara sittin, ta faɗo daga tsani, ƙafar hagu ta karye, hayaƙi yana shigowa. Ta karanta sau biyu.

"Mene ne sunanta?"

"Sunan wa?"

"Matar."

"Yaya, ba ta da suna. Kwanciya kawai za ki yi mu ɗauke ki."

"To me ya hau da ita tsani, tana da shekara sittin?"

"Haba Yaya, ina zan sani?"

Ta kalle ni irin kallon da take yi wa yaron da ya ɓoye kabeji a aljihu, ta ninke takardar, ta shige rumbu.

Sufeto ya iso da agogonsa da allon rubutu. Aka kunna injin hayaƙi, aka busa jiniya, mutanena suka ruga. Lado ne ya fara shiga. Ƙafarsa ɗaya tana ciki ɗaya tana waje aka kurma wani ihu da ya tashi tattabarun da ke kan hasumiyar coci. Karnukan ƙauye suka ɗauka. Ni da na sha nono a gida ɗaya da matar nan ban san tana da wannan maƙogwaron ba.

"Wayyo ƙafata! Wayyo ni Hermina, yau na ga ta kaina! Kwalba ɗaya, kwalba ɗaya tak na ɓoye wa tsohon mashayin nan a saman ciyawa, ga abin da ya ja min!"

Lado ya sandare. Ƙato ne, shi kaɗai yake saɓa rabin sa a kafaɗa, amma ya tsaya baki buɗe. Da ƙyar ya durƙusa ya kai hannu ƙafarta. Ta caɓe kwalar rigarsa.

"Kai, a hankali! Wannan wane irin hannu ne, sai ka ce na mahauci?"

"Ai mahaucin ne, Goggo Vida."

"Wace ce Vida? Hermina nake! Jama'a, na ce a kira min likita an turo min mai yankan shanu!"

Daga nan komai ya dagule. Aka kawo gadon ɗauka ta ce ba za ta hau ba sai an nemo mata takalminta ɗaya. Aka ɗaure ƙafar dama ta ce su makafi ne. Ta yi kuka, ta yi addu'a, ta roƙe su kada su gaya wa mijinta zancen kwalba. Ferdo a minti shida muke fitar da shi. Hermina sai da ta ci mana minti goma sha tara.

Sufeto Pirnat ya ba mu maki mafi ƙanƙanta tun da aka kafa ƙungiyar. Da ya gama karantawa ya rufe allonsa ya ce, "Shekara ashirin ina kallon ana ceton buhu. Yau na ga an gwada ceton mutum, kuma ga shi ba ku iya ba. Kwamanda, ka riƙe matar nan da kyau."

Muka waiga neman ta. Tuni ta koma gindin tukunya, ciyawa a gashinta, tana zuba gulash fuska a ɗaure kamar babu abin da ya faru. Sai da muka kama hanyar gida da la'asar, ina riƙe mata tukunya, mun wuce gada, sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Miran, yaushe ne na gaba?"

"Sai Mayu."

"Mayu?" in ji ta. "Da nisa."

Kafin Mayu ta yi, ta riga ta mallaki akwati. Tsohon akwatin mahaifiyarmu ne na kwali. Ta cika shi da kayan da mutane ke kaiwa coci don a rabar: hular gashi, tabarau marar gilashi, ɗankwali kala-kala, jakar hannu mai sarƙa. Ta sami ɗan littafi tana rubuta matanta, kowace da sunanta, da sunan mijinta, da abin da ba ta ci, da wanda take gaba da shi. Ta je ɗakin karatu na gari ta aro littafin taimakon gaggawa, ta haddace yadda mai karayar haƙarƙari yake numfashi da yadda wanda ya bugu a ka yake maimaita tambaya ɗaya.

Jini ma da kanta take haɗawa. Tumatirin gwangwani, da garin koko, da cokali uku na zumar Rudi don ya yi danƙo. A atisayen Mayu, hatsarin mota muka yi a bakin rafi, ita kuma takarda ta ce a sume take. Ta shafe goshi da wuya da wannan jini ta kwanta a ciyawa. Rana ta buɗe. Kafin mu gama yanke ƙofar motar, ƙudan zuman Rudi sun ji labari. Muka juyo muka tarar fuskarta ta yi baƙi da su, suna ta shawagi. Masu ceto suka watse, malamin lissafi har cikin rafi. Ita ko gezau. Dole aka tura a kira Rudi. Ya zo da gwangwanin hayaƙinsa, ya kore su a hankali, ya dangwali jinin da yatsa ya ɗanɗana.

"Tsohuwa, wannan ai zumar da na ajiye wa Kirsimeti ce."

Idonta a rufe, leɓenta kawai ya motsa. "A sume nake."

Wanda ba za mu manta ba shi ne na tsohon gidan niƙa. Mun cika shi da hayaƙi, mun fito da ita lafiya cikin minti huɗu, har ina murna. Tana shaƙar iska sai ta zabura. "Bine! Bine yana ciki! Wayyo Binena!" Babu wani Bine a takarda, amma ihun ya shiga jikin kowa, suka koma ciki da gudu. Suka duba ƙarƙashin benci, suka duba bayan dutsen niƙa, suka hau sama suka sauko. Minti goma sha biyar babu wanda ya yi tunanin tambayar ta wane ne Bine. Daga ƙarshe malamin lissafi ya fito yana haki.

"Baiwar Allah, shekararsa nawa?"

"Biyu."

"Wace irin riga ce a jikinsa?"

"Riga kuma? A garinku zakara yana sa riga?"

Kuma da gaske akwai zakaran. Ta zo da shi tun da safe a kwando ta ajiye a ƙarƙashin matakala, an wuce shi ya fi sau biyar. Tun daga ranar, duk gobarar da muka je, ta wasa ko ta gaske, in aka ce wani yana ciki sai mun tambaya ko yana da fiffike.

Wata rana da hantsi na same ta a baranda tana ɓarar wake, na zauna ina taya ta. Na ce, "Yaya, wai me kike ji a cikin abin nan? Ki kwanta a laka, a ɗaɗɗaure ki, a yi ta jijjiga ki."

Ta zuba waken da ke hannunta a kwano, sannan ta ce:

"Shekara talatin da uku tambaya ɗaya ake yi min: akwai ƙari? A can kuwa sai ƙato ya durƙusa, ya riƙe hannuna, ya ce, mene ne sunanki? Sai in ji duk sunayen duniya nawa ne, in zaɓi wanda na ga dama."

"To ihun fa?"

"Kai ka taɓa yin ihu iya ƙarfinka alhali babu abin da ya same ka?"

"A'a."

"Gwada. Ni tun da na fara, ciwon wuyana ya tafi."

Wanda abin ya fi shafa shi ne Rudi. Ranar Lahadi bayan coci, in ya shigo gidan shan shayi da giya na dandali, kafin ya zauna an fara. "Rudi, yau wa ka baro a gida, Hermina ko kurmar da ta fito a atisayen baya?" Sai ya ja kujera ya yi kamar bai ji ba. Ni ya kawo wa ƙara wata rana a gindin amyoyinsa.

"Jiya na shigo cin abincin rana na tarar da ita da hular gashi tana magana ta hanci. Wai matar alƙali ce, ba ta cin abinci sai da farin ƙyalle a cinya."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na ɗauko mata. Matar alƙali ce fa."

A shekara ta huɗu gunduma ta shirya babban atisaye: bas ta kife a kwanar da ke hanyar tsohon wurin fasa dutse, 'yan kwana-kwanar ƙauye bakwai, motocin asibiti uku da likitocinsu. Sufeto Pirnat da kansa ya zo har kicin ɗin Yaya, ya cire hula, ta yanka masa potica, burodinmu mai zaƙi, ta haɗa masa kofi. Ya ce yana son fasinja goma sha bakwai da direba, kuma ba ya son buhu ko ɗaya.

Ta bi gida gida. Wa zai ce a'a ga matar da ta ciyar da shi ko ta ciyar da 'ya'yansa? Talata da Alhamis da yamma suka riƙa taruwa a ɗakin taronmu, yawancinsu 'yan fansho. Ciril mai raba wasiƙa duk yadda aka yi da shi in ya yi nishi sai ya fito kamar kukan saniya. Rezka mai dafa wa Fadan cocinmu abinci, shekararta saba'in da ɗaya, ta kafe ita mai ciki za ta fito, tunda Allah bai ba ta na gaske ba a bar ta ta ɗana na matashin kai. Aka bar ta. In ka wuce ta bakin taga sai ka ji Yaya tana cewa, "Ba haka ake jin zafi ba, Ciril. Tuna ranar da ƙofar mota ta datse maka yatsa." Sai kuma ka ji tsofaffi sun kwashe da dariya kamar 'yan aji uku.

Direba ne ya gagara. Duk wanda aka ɗora a kujera sai ta ce bai yi kama ba. Ina gidan ranar da ta tunkari Rudi.

"Shekara talatin da biyar ina tuƙi," in ji shi, "ko madubi ban taɓa fasawa ba. Yanzu ki ce in kifar da bas a gaban ƙauye bakwai?"

"Ba laifinka ba ne. Barewa ce ta tsallako."

"A wannan kwanar? Ai da tun daga gada na rage gudu."

"To ai ba kai ba ne, tsoho. Wani ne, sunansa Feliks. Kuma a sume yake daga farko har ƙarshe. Abin da kake yi kullum bayan abincin rana ne, jini kawai za a ƙara maka."

Ya sha kofinsa ya shanye. Ya ce ya yarda, da sharaɗin kada a sa zuma.

Ranar ta zo, Asabar mai haske. An kawo wata tsohuwar bas an kwantar da ita a gefenta. 'Yan kallo sun cika gangaren tudu da kujerunsu na ninkewa. Yaya ta bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya ta shafa musu jini, ta cusa wa Rezka matashi, ta sa wa Rudi tsohuwar hularsa ta aiki. Ita kuma ta zama Olga, mawaƙiyar biki, wadda ƙashin kafaɗarta ya karye a hanyarta ta zuwa ɗaurin aure.

Jiniya ta tashi. Motoci bakwai suka iso, aka fasa tagogi, koke-koke suka cika wurin. Olga na cikin waɗanda aka fara fitarwa. Aka kwantar da ita a ciyawa tana kururuwa wa zai yi wa amarya waƙa. Ni da Lado muka shiga ta gilashin gaba wurin direba. Rudi yana kwance a kan sitiyari, ido rufe, yadda aka ce. Lado ya taɓa wuyansa. Sai ya buɗe ido.

Na raɗa masa, "Rufe ido, a sume kake."

Ya damƙi hannun rigata da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Mutum nawa kuka fitar?"

Muryar ba ta Rudi ba ce. Har bayan motar ana jin ta.

"Goma sha bakwai na ɗauko. Ku ƙirga! Akwai mai ciki a kujera ta uku, a gada ta hau, ku fara da ita. Akwai dattijo a baya, ya ce in tashe shi a mahaɗa. Kun gan shi?"

"Bawan Allah, kwantar da hankalinka," in ji Lado, "kai za mu fara fitarwa."

"Ba inda za ni! Direba ba ya fita sai motarsa ta zama wayam. Na ga barewar, na taka birki, titin ne da laima. Na riƙe ta, na rantse na riƙe ta iya ƙarfina..."

Hawaye suna bin jinin tumatir suna sauka a haɓarsa. Ya riƙa lissafa fasinjojin, kowa da inda ya hau da inda zai sauka, da mai kwandon ƙwai, da mai takalmin da ke ƙara. Duk wanda aka fitar sai ya tambaya, "Yana numfashi?" Na dubi Lado na ga yana share ido da bayan safar hannu. Wata likita ta leƙo, ta saurara, ta ɗauko abin awon jini ta auna shi da gaske. 'Yan kallo suka yi tsit, ba ka jin komai sai muryar Feliks.

Can a ciyawa kuwa kururuwar Olga ta yanke a tsakiya. Yaya ta tashi zaune, ta dogara da hannun nan da aka ce ya karye, ta miƙa wuya. Da muryarta ta kicin ta ce, "Rudi?"

Nas ɗin da ke kanta ta ce, "Mama, kwanta, kafaɗarki a karye take."

"Ke bar ni. Mijina ne wancan."

A iya sanina, wannan ne karo ɗaya tak da ta taɓa fita daga cikin matar da ta shiga.

Bai yarda an taɓa shi ba sai da na ce masa goma sha bakwai sun cika. Sannan ya saki rigata, ya lumshe ido, ya sume abinsa. Da aka fito da shi a gadon ɗauka mutanen tudu suka miƙe suna tafi.

Bayan an tashi aka jera tebura, mai akodiyon ya fara kiɗa, matattu da masu karaya suka bi layin gulash da jininsu. Sufeto ya yi jawabi, rabinsa duk a kan direba. Ina zaune kusa da su biyun. Yaya ta ƙi kallon mijinta.

"A sume aka ce."

"Na farfaɗo."

"Ba ya cikin takarda."

"Zakara ma ba ya cikin takarda."

Ta cije leɓe, ta yi ta maza, daga baya dariya ta ƙwace mata, ta kifa kai a kafaɗarsa har ta ɓata masa riga da jinin Olga.

Da ta tashi taya rabon abinci na matsa kusa da shi na ce, "Rudi, daga ina wannan ya fito?"

Ya juya cokali a kwano. "Shekara talatin da biyar, duk safiyar da na kunna mota, abin nan nake tsoro. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ita. Yau ga shi ya faru." Ya nuna layin masu abinci da haɓa. "Kuma dubi, kowa ya tashi yana neman ƙari."

Shekara shida ke nan da yin wannan. Yaya ta cika saba'in. Likita ya hana ta kwanciya a ƙasa mai sanyi saboda gwiwa, don haka yanzu ta fi fitowa a wadda ta maƙale a mota ko a saman bene. Ƙauyukan da ke kewaye suna aiko musu, su ɗora akwati a bayan 'yar motar Rudi su tafi, shi yana tuƙi a hankali tana karanta masa ko shi wane ne yau. Tsofaffin nan kuwa sun ƙi watsewa. Ko babu atisaye, duk Alhamis sai sun taru. In sanyi ya hana fita su yi kotu, ko rabon gado, ko neman aure, babu ɗan kallo ko ɗaya. An aurar da Rezka sau huɗu.

A bazarar da ta wuce wata maƙwabciya ta buga wa 'yarsu Mateja waya, lauya ce a Ljubljana babban birninmu, ta ce mata iyayenta sun lalace, kullum da rana sai an ji suna ihu da zage-zage a bayan gida. Mateja ba ta gaya wa kowa ba, ta bar ofis ran Juma'a ta kamo hanya. Ta biya ta ɗauke ni don in taya ta sulhu. Na yi niyyar yi mata bayani, sai na ga gara ta gani da idonta.

Muka zagaya bayan gida. Rudi yana miƙe a gindin tuffa, manjagara a kan ƙirjinsa, Yaya tana tsaye a kansa da tabarau marar gilashi tana masifa, wai shekara arba'in tana gaya masa kada ya hau bishiya da silifa. Mateja ta yar da jaka ta ruga.

"Baba! Baba!"

Ya buɗe ido ɗaya. "A'a, Mateja. Kin ci abinci?"

Ta tsaya tana kallon wannan tana kallon wancan, fuskarta ta yi ja. "Mama, ku fa manya ne! Kun san abin da ake faɗa a kanku? Na baro shari'a na taho!"

Yaya ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, da kwat ɗinta da takalmi mai tsini. Ta sunkuya ta buɗe akwati, ta zaro wani ɗankwali mai furanni ta miƙa mata.

"Tunda kin zo, dama muna neman maƙwabciyar da ta ga faɗuwar. Sunanki Pavla. Ba kya shiri da ni saboda kajina suna shiga lambunki, amma kina son mijina."

"Mama!"

"Ta bayan shinge za ki shigo."

Mateja ta dube ni neman taimako. Na ɗaga kafaɗa na nemi kujera. Ta juya ɗankwalin a hannu, ta yi tsaki, ta cire takalman ta ajiye a kan benci. Da ta zagaya bayan shinge muka ji tana gyaran murya, sannan ta leƙo da kai.

"Kajin guda nawa ne?"

"Tara," in ji Yaya. "Tsoho, kwanta."